Saura wata 10 mu tafi aikin bishara, amma zuciyata ta ƙi kwanciya

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamin makaranta ne mai shekara 32, matata ma'aikaciyar jinya ce, muna da 'ya guda mai shekara 3. Tun ina saurayi nake jin kiran aikin bishara a ƙasar waje, yanzu kuwa wata ƙungiyar mishan ta karɓe mu, za ta tura mu wata ƙasa a nahiyar Asiya, zangon farko shekara 4, an kuma sa ranar tashi nan da wata 10. Sai dai alkawuran tallafin da muka samu ba su wuce rabin abin da ƙungiyar ta ce muna bukata ba. Mahaifiyata gwauruwa ce, ni ne babba a cikin 'ya'yanta, kuma ni nake ɗaukar yawancin nauyinta. Matata ta ce duk abin da na yanke ta yarda, amma tun daga ranar ta rage magana. Wani abokina ya ce kada in wahalar da kaina da neman izinin zama, mu shiga da bizar yawon buɗe ido, in mun isa a san yadda za a yi. Fastonmu ya ce in tafi da bangaskiya, Allah da ya kira shi zai tanada. Duk lokacin da na yi tunanin roƙon a ɗaga tafiyar sai in ji kamar na juya wa kiran baya. Ka ba ni shawara, ta ina zan fara, kuma shin yawan shiri rashin bangaskiya ne?

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka da natsuwa, abin da na fara lura da shi kuwa shi ne duk hankalinka yana kan ranar tashi, alhali ranar tashi ita ce mafi sauƙi a cikin dukan wannan al'amari. Duk wanda ya sami kuɗin tikiti zai iya tashi. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya wayi gari a shekara ta biyu, harshe bai gama zama a bakinsa ba, masu tallafi sun fara mantawa da shi, matarsa na kuka a ɓoye, ga kuma saƙo daga gida cewa tsohuwa ba ta da lafiya, amma duk da haka ya zauna ya ci gaba da aikinsa. Don haka ina so ka mai da watannin nan goma na shirin zama, kuma da ma'aunin zama za ka auna duk abin da zan faɗa maka.

Bari in amsa tambayarka ta ƙarshe tukuna, domin ita ce take ɗaure maka ƙafa. Shiri ba rashin bangaskiya ba ne. Ubangiji da kansa, a cikin Luka 14:28, ya yi maganar mai son gina hasumiya wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci, ya kuma faɗi haka ne a daidai wurin da yake magana kan tsadar zama almajirinsa. Bulus ma bai tashi daga hanyar Dimashƙu ya shiga jirgin ruwa ba. Shekaru sun shuɗe tsakanin tubansa da tafiyarsa ta farko, ya yi shekara guda cur yana koyarwa tare da Barnaba a Antakiya, sannan ikilisiyar ta yi azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu, ta sallame su, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 13. Masu son kawo Hudson Taylor, ɗan mishan da ya tashi daga Ingila zuwa ƙasar Sin, a matsayin misalin wanda ya tafi bisa bangaskiya kawai sukan manta cewa kafin ya sauka a Shanghai a 1854 ya yi shekaru yana koyon aikin likita, yana horar da jikinsa da ƙarancin abinci da ƙuncin wurin kwana, kuma a 1857 ya bar ƙungiyar da ta aike shi, cikin dalilansa har da cewa tana tafiyar da aikinta da bashi. Mutumin da ya ƙi roƙon kuɗi a wurin mutane shi ne kuma mutumin da ya ƙi yarda a gina aikin Allah a kan lissafin da bai tsaya ba. Maganar fastonka gaskiya ce, Allah yana tanadi, amma sau da yawa tanadin nasa yakan zo ne ta hannun mutanen da aka zauna da su aka gaya musu bukata dalla-dalla.

A tsakiyar shekarun 1990 haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu bishara ta duniya ta gudanar da bincike a ƙasashe 14 masu aika 'yan mishan, ta gano cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na ma'aikata suna barin aiki kowace shekara, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu barin sun bari ne saboda dalilan da za a iya kauce musu, irin su matsalar aure da iyali, ƙarancin tallafi daga gida, saɓani da abokan aiki da rashin isasshen horo. Ka duba wasiƙarka, za ka ga biyu daga cikin waɗannan suna zaune a cikinta tun kafin ku ɗaure kaya.

Na fi damuwa da shirun matarka fiye da rabin kuɗin da ya rage, kuma a nan zan daɗe. Idan mace ta ce wa mijinta duk abin da ya yanke ta yarda, sannan ta rage magana, to biyayya ta ba shi, ba ta riga ta ba shi zuciyarta a kan maganar ba. Biyayya tana iya kai ta filin jirgi, amma ba za ta riƙe ta shekara huɗu a ƙasar da ba ta iya sayen ko gishiri sai da nuni da yatsa ba. Tarihin mishan yana da darasi mai ɗaci a kan wannan. William Carey, wanda ake kira uban aikin mishan na zamani, ya tashi zuwa Indiya a 1793, matarsa Dorothy kuwa da farko ta ƙi tafiyar, sai a ƙarshe aka shawo kanta bisa sharaɗin 'yar'uwarta za ta raka ta. A 1794 ɗansu Peter mai shekara 5 ya rasu, daga nan hankalin Dorothy ya taɓu, bai kuma dawo ba har ta rasu a 1807. Muna karanta aikin fassara da Carey ya yi muna gode wa Allah, amma ban ga dalilin da zai sa a sake biyan irin wannan farashi da gangan ba, bayan an san inda hanyar take kaiwa.

Ga abin da nake so ka yi. Ka nemi maraicen da yarinya ta yi barci, ka ajiye waya, ka ce mata a sarari cewa idan ta ce a dakata za a dakata, kuma ba za ka riƙe ta a zuciya a matsayin wadda ta tare kiran Allah ba. Kada ka faɗi wannan sai ka tabbata da gaske kake, domin ta san ka fiye da yadda kake zato. Sannan ka yi shiru. Wataƙila za ta fara da ƙananan abubuwa, ta ce ba ta san irin makarantar da yarinya za ta shiga ba, ko ta tambayi wanda zai kama mata hannu idan ta sake samun ciki a can. Kada ka amsa da aya, kada kuma ka yi saurin cewa Allah zai yi. Ka rubuta abin da ta faɗa, ka mai da kowane ɗaya tambayar da za ku kai wa ƙungiyar. Akwai kuma abin da maza da yawa ba sa tunawa: takardar shaidar aikin jinya da take da ita ba lalle ne ta yi aiki a wata ƙasa ba sai an sake yi mata rajista, wani lokaci har da jarrabawa a harshen ƙasar, kuma bizar da ake ba wa matar ma'aikaci a ƙasashe da yawa ba ta ba ta izinin aiki. Ke nan macen da ta saba fita da safe tana kula da marasa lafiya, ana kiranta ana neman shawararta, tana iya samun kanta a ɗaki da yarinya tun safe har dare, kai kuwa kana waje kana haɗuwa da mutane. Ka roƙi ƙungiyar ta haɗa ta da wata mace da ta yi shekaru tana aikin mishan a ƙasar da za ku, su yi magana su biyu ba tare da kai ba. Ƙungiyar kirki za ta ma nemi ganawa da ita ita kaɗai tun kafin ka roƙa, idan kuwa ba su taɓa yin haka ba, wannan kansa abin lura ne game da su.

Sai mahaifiyarka. Akwai masu ɗauko maganar Ubangiji a kan barin uwa da uba su sa ta zama lasisin yin watsi da tsofaffi, amma shi Ubangijin ne ya tsawata wa Farisiyawa a Markus sura 7 saboda suna koya wa mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah. Yana kan gicciye ma sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. Bulus kuma a 1 Timoti 5:8 ya yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da danginsa. Ban ce zamanta gwauruwa ya hana ka tafiya ba, amma ya wajabta maka ka bar ta a hannun da ka sani. Ka tara ƙannenka, ku yi magana da sunaye: wa zai riƙa leƙa ta, wa zai kai ta asibiti, nawa ne zai riƙa fita daga hannunka kowane wata, kuma ta wace hanya zai isa gare ta. Kuɗin nan ya shiga cikin kasafinku tun yanzu a matsayin layi mai zaman kansa, kada ya zama abin da za a tsakuro daga kuɗin cefanen matarka, domin daga nan ne ɓacin rai yake tsirowa tsakanin suruka da surukarta ko da teku ya raba su. Ka kuma yi maganar da ba wanda yake son yi, wato idan ciwo ya yi tsanani ko ta rasu kana can, za ka dawo, kuma da wane kuɗi? Ka tambayi ƙungiyar ƙa'idarsu a kan hutun gaggawa, ka ajiye kuɗin tikitin mutum ɗaya wanda ba za a taɓa shi don wani abu ba. Ita kanta tsohuwar ka zauna da ita, ka nemi albarkarta ba tare da ka sa fasto ya matsa mata ba.

A kan kuɗi maganata gajera ce: kada ku tashi da rabi. Ƙungiyoyin mishan da yawa ba sa ma barin ma'aikaci ya sayi tikiti sai alkawuran wata-wata sun cika ko sun kusa cika, ba don rowa ba, sai don sun ga abin da ke faruwa. Alkawarin da aka yi a ranar sallama cikin hawaye da waƙa yakan yi sanyi bayan shekara guda, wani ya rasa aiki, wani ya ƙaura, wani ya manta kawai, darajar kuɗin ƙasar da ake aiko maka daga cikinta kuma tana iya faɗuwa, sai ka ga abin da ya ishe ku bara bai biya hayar bana ba. Carey da kansa kuɗinsa ya ƙare a watannin farko, har ya kama aikin kula da masana'antar shuni don ya ciyar da iyalinsa. Ka nemi ƙungiyar ta ba ka kasafin a rubuce, ka ga ko ya ƙunshi kuɗin makarantar koyon harshe, inshorar lafiya, karatun yarinya, tikitin dawowa hutu, ajiyar tsufa, da kason da su suke cirewa don gudanarwa. Idan kana da bashi, ka biya kafin ka tafi.

Neman tallafi kuma ba bara ba ne, ko da yake na san yana da nauyin baki. Ikilisiyar Filibi ta aika wa Bulus taimako fiye da sau ɗaya yana Tasalonika, ya kuma kira abin tarayya cikin bishara. An ruwaito cewa abokan Carey sun ɗauki tafiyarsa kamar mutumin da zai sauka cikin rami mai zurfi, su kuwa suka yi alkawarin riƙe igiya, kuma Andrew Fuller, ɗaya daga cikinsu, ya riƙe ta a matsayin sakataren ƙungiyarsu tun kafuwarta a 1792 har rasuwarsa a 1815. Ka koma wurin fastonka cikin ladabi ka ce masa ka karɓi maganar bangaskiya, yanzu kana roƙon a nuna maka masu riƙe igiyar. Ikilisiya ce take aikawa ko kuwa kai ne kake tafiya su kuma suna ɗaga maka hannu? Idan ita take aikawa, a sami mutum uku ko huɗu da dattawa suka naɗa, waɗanda za su riƙa karɓar labarinku, su bi sawun masu alkawari, su leƙa mahaifiyarka, su kuma sami ikon ce maka ka dawo ka huta idan sun ga kana durƙushewa.

Shawarar abokinka kuwa ka ajiye ta gefe gaba ɗaya. Bizar yawon buɗe ido ta 'yan makonni ce ko 'yan watanni, ba ta ba da izinin aiki, kuma wanda ya rubuta a takardar hukuma cewa yawo ya kawo shi alhali zama ya zo yi, ya fara aikin gaskiya da ƙarya. Bayan haka dokoki a wurare da yawa sun tsananta. A Nepal, dokar laifuffukan da ta fara aiki a 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda aka samu da laifin sauya wa wani addini, baƙo kuma a kore shi. Rasha ta kafa dokoki a 2016 da suka taƙaita wuraren da za a yi wa'azi da waɗanda ke da izinin yinsa, jihohi da dama a Indiya ma suna da dokokin hana sauya addini. Ba ka faɗi sunan ƙasar da za ku ba, kuma ka yi daidai da ka ɓoye, amma wajibi ne ka san dokarta da kanka, kada ka dogara da an ce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, idan asiri ya tonu, kai za a sa ka a jirgi a mai da kai gida, amma masu bi 'yan ƙasa da aka gan su tare da kai ba su da jirgin da za su hau. Saboda su ne za ka kiyaye abin da kake sawa a Facebook da abin da kake rubutawa a wasiƙun addu'a, kada sunan wani ko hotonsa ko sunan ƙauyensa ya fita ba da izininsa ba, ka kuma gargaɗi 'yan ikilisiyarku kada su yaɗa.

Kana da abin da mutane da yawa ba su da shi, wato sana'a ta gaske. Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da matarsa, kuma malamin makaranta yana iya samun izinin zama na halal a wuraren da ba a ba mai wa'azi. Amma idan da sunan koyarwa ka shiga, to ka koyar da gaske, ka zo aji a kan lokaci, ka gyara takardun ɗalibai, domin mutane suna gane wanda ya mai da aikinsu mayafi, kuma ba sa yafe masa da sauri. Ka fara tattara takardun shaidar karatunka, na aure da na haihuwar yarinya tun yanzu, domin tantance su da fassara su yana cin watanni. Ka duba fasfo ɗinku duka uku, ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, fasfon yara kuma a wurare da yawa yana da gajeren wa'adi fiye da na manya.

Harshe shi ne aikinku na shekara ta farko, wataƙila har ta biyu, kuma ina so ka shirya zuciyarka da zuciyar masu tallafa maka a kan haka. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar kimanin awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da harsuna irin su Sinanci, Japananci, Koriyanci ko Larabci, wannan kuwa ga wanda ba shi da wani aiki sai karatun. Adoniram Judson, ɗan mishan Ba'amurke, ya isa Burma (Myanmar ta yau) a 1813, bai yi wa mutum na farko baftisma ba sai 1819, bai kuma gama fassara Littafi Mai Tsarki ba sai 1834. Carey ya jira har ƙarshen 1800 kafin ya ga tuban Krishna Pal, Ba'indiye na farko da ya tuba a aikinsu. Idan ikilisiyarku tana jiran hotunan taron jama'a a wata na shida, gara ka gaya musu gaskiya yanzu. Matarka kuma ta sami awannin koyon harshe daidai da naka, ko da hakan na nufin kai ne za ka riƙe yarinya rabin yini, domin macen da ba ta jin harshen maƙwabtanta fursuna ce a gidanta. Yarinyar za ta riga ku duka, za ka ji tana gyara maka lafazi a gaban mai shago, ka karɓa da dariya.

Za ka tarar da masu bi a can, ko da kaɗan ne, waɗanda suka riga ka sanin ƙasar da wahalarta. Ka shiga a ƙarƙashinsu, ka yi shekara kana tambaya kafin ka fara gyara. Ka kuma sa a ranka cewa wanda zai fi ɓata maka rai ba lalle ne ya zama wanda ba ya bi ba, yana iya zama abokin aikinka da kuke addu'a tare kowace safiya. Bulus da Barnaba sun rabu a kan Markus, wanda ya bar su a Bamfiliya ya koma. Ka tambayi ƙungiyar wa zai zama shugabanka a can, wa za ka kai wa ƙara idan shi ne matsalar, kuma wace ƙa'ida suke da ita a rubuce ta kare yara.

Maganar lafiya ba ta jiran watan ƙarshe. Ku je wurin likitan da ya san lafiyar matafiya a cikin makonnin nan, domin rigakafin ciwon hanta nau'in B a tsarin da aka saba allura uku ne cikin wata 6, na ciwon ƙwaƙwalwar da sauro ke yaɗawa a karkarar Asiya allura biyu ne da tazarar kwana 28, akwai kuma na cizon mahaukacin kare, wanda yake da muhimmanci ga ƙaramar yarinya da za ta iya wasa da dabba ba ta faɗa ba. Wasu ƙasashe suna neman katin rigakafin cutar shawara (yellow fever) daga matafiyan da suka fito ko suka ratsa inda cutar take, katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na har abada. Zazzaɓin dengue ya yawaita a sassa da yawa na Asiya, sauronsa da rana yake cizo, ba shi da takamaiman magani, don haka gidan sauro na dare kaɗai bai isa ba. Ku gyara haƙora, ku yi tabarau na biyu, matarka kuma ta fi ni sanin yadda za a haɗa akwatin magani. Inshorar ku tabbatar ta ƙunshi ɗaukar mara lafiya da jirgi zuwa babban asibiti, domin wannan shi ne kuɗin da ke rusa iyali a dare ɗaya. Abafaroditas, wanda Filibiyawa suka aika wa Bulus, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Bulus bai kira shi mai ƙarancin bangaskiya ba, ya mai da shi gida ya ce a karɓe shi da girmamawa.

Ka rubuta wasiyya, ku faɗi wanda zai riƙe yarinya idan ku biyu kuka rasu, ka kuma ba wani amintacce izini a rubuce ya tafiyar da al'amuranka na banki da hukuma. Ka tambayi ƙungiyar shirinsu idan rikici ya ɓarke ko aka sace ma'aikaci, da matsayinsu a kan kuɗin fansa. A 2007 an kama 'yan Koriya ta Kudu 23 da wata ikilisiya ta aika Afganistan, aka kashe biyu daga cikinsu kafin a saki sauran, kuma iyali ba sa son su fara jin ƙa'idar ƙungiya a ranar da abin ya riga ya faru.

Game da ranar da aka sa, ga hukuncina. Kada ka soke ta yau, kada kuma ka ɗauke ta kamar daga sama ta sauko, mutane ne suka zauna a ofis suka zaɓe ta. Ka rubuta wa ƙungiyar a wannan makon, ka gaya musu gaskiyar inda kuke a kan kuɗi, biza, mahaifiyarka da matarka, ka roƙi a sake zama nan da wata 4. Idan a ranar matarka ta ce e da bakinta ba tare da ta kalli fuskarka ba, ƙannenka sun karɓi nauyin da aka raba, takardar izinin zama ta halal tana kan hanya, alkawuran kuma sun kusa cika, to ku sayi tikiti. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan bai tsaya ba, ka nemi a ƙara muku wata 6 ko shekara, ka ci gaba da koyarwarka, ku fara darasin harshen tare da maraice, ka kuma sanar da fastonka da dattawa da bakinka kafin su ji daga wani wuri.